Daga Kano Zuwa Tamanrasset, Inda Gas Ke Shiga Har Madafi

Kawuna ya daɗe yana fataucin dabino tsakanin Damagaram da kudancin Aljeriya. Yakan hau da lalle da citta da gyaɗa da barkono, ya sauko da dabino da gishiri, domin hukumar can ta yarda 'yan kasuwar Nijar da Mali su yi musayar kaya da kaya da mutanen jihohinta na kudu. Da lokacin Assihar ya ƙarato, wato kasuwar baje kolin da ake ci a Tamanrasset, sai ya aiko mini cewa in ina so in shirya. Ban yi nauyin jiki ba. Sana'ata koyar da gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ce a Kano, kuma duk wanda ya bi tarihin wannan sana'a ya san a Aljeriya aka kafa masana'anta ta farko da ke sanyaya iskar gas ta zama ruwa domin a sayar wa ƙasashen ƙetare. Ina son in ga da me mutanen wannan ƙasa suke girki a gidajensu.

Na bi ta Daura na tsallaka a Kongolam, na ratsa Matamaye na iske Kawu a Damagaram an gama lodi. Cikin hunturu ne, hazo ya rufe gari. Mun tashi da yamma muka nufi Tanut. Ba mu yi nisa sosai ba sai ga matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, harshen wuta na ci a bakin doguwar hasumiyarta. Daga nan ake samun gas ɗin da ake ɗurawa a tukwane a Nijar. Amma abin da muka fi cin karo da shi a hanya shi ne amalanken jakuna maƙare da itace sun nufi gari, a ƙasar da in ka ɗaga ido za ka iya ƙirga bishiyoyin da ke gabanka. Haka har Aderbissinat, haka har Agadas.

A Agadas gidan wani aminin Kawu muka sauka, ba nisa da babban masallacin nan mai hasumiyar ƙasa. Aka kawo mana fura da aka dama da cuku da dabino, mai kauri, wadda in ka sha da hantsi ba ka neman komai sai la'asar. Muka jira ranar da ayarin motoci zai tashi da rakiyar sojoji. Hanyar Arlit kuwa sai haƙuri, kwaltar ta farfashe har direbobi sun gwammace su bi ta gefenta. Daga Arlit zuwa Asamaka ne muka sami sauƙi.

A wannan tsakanin muka kwana a fili. Da asuba sanyi ya kai inda alwala sai da dauriya. Yaron mota ya sauko da ƙaramar tukunyar gas zai dafa mana shayi, ya kunna, wutar ta fito 'yar mitsitsiya tana lilo, ta mutu. Ya jijjiga tukunyar, ana jin ruwa na motsi a ciki, ba ƙarewa ta yi ba. Direban ya ce, "Kai yaro, ba a yi mata haka. Sanyi ne ya kama ta." Ya ɗauke ta ya sa a gaban mota kusa da inda injin ke fitar da ɗumi, bayan ɗan lokaci ya sauko da ita, wuta ta tashi shuɗiya. Direban bai san sunan abin da ke ciki ba, amma ya san halinsa. Butan ne, kuma butan ba ya tashi daga ruwa ya zama iska sai zafi ya haura wajen sifili a ma'aunin Selshiyas. Wannan halin nasa shi ya sa yake da sauƙin ɗauka: ɗan matsi kaɗan ya ishe shi ya kwanta ya zama ruwa a cikin tukunyar ƙarfe, a ɗora ta a babur ko a raƙumi. Gas ɗin da ke fitowa da yawa daga rijiya, mai suna metan, ba haka yake ba. Ko ka matse shi iya ƙarfin injinka, muddin yana cikin zafin da muke rayuwa a ciki, ba zai zama ruwa ba. Duk wahalar da injiniyoyi suka sha a wannan fanni daga nan ta samo asali.

Asamaka ba wurin da mutum zai ratsa zuciyarsa ta zauna daidai ba ne. Nan ake sauke waɗanda aka koro daga Aljeriya, kuma da yawansu Hausa suke yi, mata da yara daga wajen Kance da Magarya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar da ke arewa da Arlit, galibinsu mata da ƙananan yara, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Kawu ya sauke buhun gyaɗa ɗaya ya ce a raba, muka wuce. Aikin takardu ya cinye mana wuni a iyaka, daga nan muka shiga In Gezzam.

Daga In Gezzam zuwa Tamanrasset wajen kilomita 400 ne a kan kwalta. Rairayi yana raguwa, baƙaƙen duwatsu suna ƙaruwa, mota tana ta hawa ba ka ankara ba sai kunnenka ya toshe. Garin yana kan tudu ne, kusan mita 1,400 sama da teku, a gindin duwatsun Ahaggar, shi ya sa zafinsa bai kai na Agadas ba, sanyinsa kuwa ya fi. Gidajen jajaye-jajaye ne, tituna da faɗi, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawan Hausar da ke tashi a kasuwa tare da Larabci da yaren Buzaye.

Mai masaukinmu wani Alhaji ne mutumin Tawa da ya zo garin tun yana saurayi, ya yi aure, ya tara iyali. Bai bari mun taɓa aljihu ba tun daga saukarmu. Daren farko aka kawo shorba mai zafi da kuskus da naman rago. Washegari wani maƙwabcinsa Buzu ya gayyace mu bayan gari ya yi mana tagella, gurasar da ake binnewa cikin rairayi mai zafi a rufe da garwashi, in ta gasu a kakkaɓe ta a gutsuttsura cikin miya. Gasasshen nama kuma a hannun 'yan uwanmu Hausawa yake, da yajinsa da albasarsa a takarda, Larabawa na tsaye suna jiran a yanka musu. Shayi sau uku ake zubawa, kuma duk arhar gas, a kan gawayi ake dafa shi. Buzun ya ce shayin da aka yi wa gaggawa ba shayi ba ne.

Farashin kaya shi ne hirar kowane baƙo. Doguwar burodi dinari 10. Litar fetur wajen dinari 45, gas ɗin mota kuma dinari 9 a lokacin. Tukunyar gas mai kilo 13 ta kamfanin Naftal dinari 200 ake musanya ta, kuɗin da ko da canjin banki bai kai dala biyu ba. A Kano a lokacin, cika tukunya mai kilo 12.5 ya haura naira dubu goma, har matan unguwarmu da dama da suka saba da gas sun koma gawayi. Abin da ke da tsada a can shi ne kayan lambu da 'ya'yan itace, domin daga arewa ake jigilarsu, tafiyar kusan kilomita 2,000 daga Aljas.

A gidan Alhaji kuwa ba tukunya ake amfani da ita ba. Ya nuna mini wani ƙaramin akwati a jikin katanga ta waje, da mita a ciki, siririn bututun tagulla ya fito daga nan ya bi bango ya shige madafi, wani reshensa ya tafi ga abin ɗumama ruwan wanka, wani ga murhun ɗumama ɗaki. Duk wata uku ake kawo takardar biya. Na nemi izini na gaida matarsa Hajiya ta bayan labule, na tambaye ta yadda ta ga canjin. Ta ce, "Malam, ai da idan sanyi ya shigo, yaran nan kwana suke a layin tukunya. In mota ta makara daga arewa, sai mu koma itace. Yanzu sai dai in murɗa." Gas ɗin nan daga In Salah yake zuwa ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 500. Da dare da aka kunna mana murhun ɗaki, Alhaji da kansa ya zo ya ɗan buɗe taga. Ya ce kowane hunturu a ƙasar ana rasa iyalai saboda gubar da murhu ke fitarwa a rufaffen ɗaki, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Shi kansa gas ɗin ba shi da wari, da gangan ake zuba masa sinadarin da ke sa shi ɗoyi domin in yana yoyo a ji.

Bututun bai kai ko'ina ba. A gefen gari, inda baƙin haure ke fakewa cikin gine-ginen da ba a ƙarasa ba, na ga mata suna girki da guntayen katako da kwali a kan duwatsu uku, kuma Hausa suke yi su ma.

Alhaji da ya ji sana'ata sai ya aika aka kira wani dattijon Balarabe da ke bayan gidansa, wanda ya yi aiki shekaru a masana'antar gas ta Arzew, kusa da Oran, kafin ya yi ritaya ya dawo kusa da 'ya'yansa. Ɗan Alhaji ne ya yi mana tafinta. Wannan zaman shi ne ribar tafiyata, domin a nan ya ba mu tarihin sana'ar.

An gano babban filin gas na Hassi R'Mel a 1956, ƙasar tana hannun Faransa. Gas ga shi jingim, masu saye suna hayin teku, kuma ba a iya shimfiɗa bututu a ƙarƙashin Bahar Rum a wancan zamani ba. Mafita ita ce a sanyaya metan zuwa digiri 162 ƙasa da sifili. A nan yake kwantawa ya zama ruwa garai-garai, kuma abin da da yake cin wuri 600 sai ya koma cin wuri ɗaya. An gwada ɗaukarsa a jirgin ruwa a 1959, da jirgin Methane Pioneer ya taso daga Louisiana ta Amurka zuwa tsibirin Canvey a Ingila. A 1964, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, masana'antar CAMEL ta fara aiki a Arzew, kuma a watan Oktoba na shekarar jirgin Methane Princess ya kai lodin farko Canvey. Tamu ta Najeriya da ke Bonny sai 1999 ta fara.

Yadda ake kai wa ga wannan sanyi bai bambanta da firjin gida ba: kwamfuresa ya matse iska ta yi zafi, ta zubar da zafin a waje, a sake ta ta buɗe ta yi sanyi. Sai dai firji ɗaya ba ya kai wa can. A Arzew uku aka jera, kowane yana sanyaya na gaba. Na farko da furofan yake aiki, ya sauko da zafi zuwa wajen 35 ƙasa da sifili. Na biyu da etilin, ya kai wajen 100. Na uku da metan ɗin kansa, shi ke ƙarasa aikin. Daga baya aka ƙirƙiro dabarar gauraya waɗannan iskoki wuri guda su zagaya cikin dogon injin musayar zafi mai ɗauke da dubban siraran bututun alminiyom, kuma ita ce ta yaɗu a duniya.

Dattijon ya fi jan magana a kan wanke gas kafin a sanyaya shi. Ya ce, "Ɗana, sanyi ba ya yafe ƙazanta." Ɗigon ruwan da ya rage zai daskare ya toshe bututu. Iskar kabon ma daskarewa take yi, don haka ake ratsa gas ɗin ta cikin wani ruwan sinadari da ke tsotse ta. Har zaiba, wadda ke zuwa kaɗan ƙwarai a cikin gas, sai an tace ta, domin tana cin alminiyom. A masana'antar Skikda aka ga wannan a aikace a shekarun 1970, da ta lalata injin musayar zafi. Sai ajiya. Ƙarfe na yau da kullum yana yin gautsi a irin wannan sanyi, ya tsage. Haka ya faru a birnin Cleveland na Amurka a 1944, tanki ya fashe, ruwan gas ya malala cikin magudanai ya kama da wuta, mutum wajen 130 suka mutu. Bayan nan aka koma ƙarfe mai gaurayen nikel kashi 9 cikin ɗari, a tanki mai bango biyu da abin tare zafi a tsakani. A Arzew har wata dabara aka yi da ta burge ni: aka daskarar da ƙasa, aka haƙa ƙaton rami a cikinta, aka yi masa rufi, daskararriyar ƙasar ta zama ita ce bangon tankin, kuma ya yi shekaru da dama yana aiki. Da ya zo kan fashewar Skikda ta watan Janairu na 2004, wadda ta kashe mutum 27, sai ya yi shiru, muka yi musu addu'a.

Na bar Kawu da cinikinsa a Assihar na hau bas zuwa In Salah, kusan kilomita 700 arewa, ɗan Alhaji ya raka ni. Shingayen jami'an tsaro da yawa, sai a duba takarda a wuce. Bayan In Amgel aka nuna mini dutsen In Ekker da shingen waya kewaye da shi, inda Faransa ta yi gwajin nukiliya a ƙarƙashin ƙasa daga 1961 zuwa 1966. Muka ratsa kwazazzabon Arak, duwatsu sun tsaya dama da hagu. A kan hanya ana ganin tashoshin tura ruwa, domin ruwan da Tamanrasset ke sha ma daga In Salah ake turo shi, ta bututu mai kilomita 750 da aka ƙaddamar a 2011. Wato gari guda a tsakiyar duwatsu, ruwansa da wutar girkinsa duk daga nisan da ya fi na Kano zuwa Abuja suke zuwa. Wannan ya fi tsaya mini a rai fiye da labarin jiragen ruwa. Sanyaya gas ilimi ne mai zurfi, amma amfaninsa shi ne a kai wa na nesa mai kuɗi. Wanda ya kai wa Hajiya wuta bututu ne kawai, da hukumar da ta ga ya dace a kashe kuɗi a kan mutanen da ke ƙarshen ƙasa.

In Salah gari ne na jar ƙasa da gonakin dabino, rairayi na cin gefensa, kuma da bazara yana cikin wuraren da suka fi zafi a duniya. Filayen gas ɗin suna can nesa cikin hamada, kuma tun harin da aka kai wa masana'antar Tigenturin kusa da In Amenas a Janairun 2013 ba a barin baƙo ya kusance su. A masaukinmu muka haɗu da wani ma'aikaci da ya fito hutu, muka ci abincin dare tare. Gas ɗin yankin yana zuwa da iskar kabon da yawa, a wasu rijiyoyin har kusan kashi 10 cikin ɗari, alhali mai saye ba ya karɓar fiye da kashi 0.3. A filin gas na Kreshba, kamfanonin Sonatrach da BP da Statoil suka gwada abin da ba a saba ba. Maimakon su saki iskar da suka cire ta bi sararin sama, sai suka matse ta suka mayar da ita ƙarƙashin ƙasa, zurfin kusan kilomita biyu. Daga 2004 zuwa 2011 an tura tan miliyan 3.8. Tauraron ɗan'adam ya nuna ƙasar da ke saman rijiyoyin tana ɗan kumbura, aka ji tsoron kada dutsen da ya rufe wurin ya tsage, aka dakatar. Har yau masu nazarin binne iskar kabon suna komawa ga abin da aka koya a nan.

Mutanen garin kuwa ba duk abin da aka zo da shi suke karɓa ba. A farkon 2015 sun yi watanni suna zaman dirshan a dandalin gari, maza da mata, kan shirin haƙo gas ɗin da ke maƙale cikin dutse, wanda sai an tura ruwa da sinadarai da ƙarfi an farfasa dutsen yake fitowa. Tsoronsu ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, wanda dabinonsu da rayuwarsu suka dogara a kai. Wani mai shago da na saya wa iyali dabino a wurinsa ya ce gas na gwamnati ne, ruwa kuwa na jikokinsu ne.

A hanyar dawowa hirar bas ta koma kan babban bututun da ake cewa zai taso daga Najeriya ya ratsa Nijar ya haɗe da Hassi R'Mel, kilomita fiye da 4,000, ya riƙa kai wa Turai gas kiyubik mita biliyan 30 a shekara. An sa hannu a kansa a Abuja a 2009, an sake sa hannu a Aljas a 2022. Namu ɓangaren, na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a 2020. Najeriya ta fi Aljeriya gas a ƙarƙashin ƙasa, kuma har yanzu ana ƙona wani a banza a yankin Neja Delta. Wani fasinja ya tambaye ni ko in bututun ya zo za a ja wa gidajen Kano. Na ce masa abin da aka fi ambata shi ne tashoshin lantarki da masana'antu, kuma ko su ɗin muna maraba da su, domin masana'antun Sharaɗa da Bompai sun daɗe da yin sanyi. Amma ina ganin wajibi ne wakilanmu, da na Damagaram da Agadas, su nemi a rubuta rassan da za su shiga garuruwa tun kafin a binne bututun, domin bayan an rufe rami magana takan yi wuya.

Na iske Kawu ya gama musaya, an ɗaure dabino a mota. Yaron motarmu ya so ya sayi tukwanen Naftal biyu ya tafi da su, Alhaji ya hana shi, ya ce kayan tallafi ne, in aka kama su a In Gezzam har motar za a riƙe. Hajiya ta aiko mana da guzurin soyayyen nama da burodi cike da buhu, Alhaji ya raka mu har shingen farko na bayan gari, muka yi sallama muka kama hanyar kudu.